Na Je Damagaram Ɗibar Juji

Tun da na yi tafiyar nan ban sha fura cikin kwanciyar hankali a ƙofar gida ba. Da na kai ludayi baki sai wani ya yi sallama, ya durƙusa kamar mai ta'aziyya, ya ce, "Baba Ilu, wai da gaske shara ka je ɗaukowa a ƙasar waje?" Na ba da labarin a bakin masallaci, na ba da shi a wurin suna, na ba da shi a teburin mai shayi, kuma duk sanda ya zagayo ya dawo kunnena sai in tarar ya yi ƙiba. Har cewa aka yi an ɗaure ni a iyakar Kongolam. To ga shi na rubuta da hannuna, ni da na yi aji uku cur a elementare kafin mahaifina ya ga ilimin ya ishe ni haka. Wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa.

Dalilin tafiyar gona ce. Muna da wata a yamma da garinmu Babban Mutum da ake kira Gonar Kuka, gado ce tsakanina da ƙanena marigayi. Shekara uku a jere ƙuduji ne kawai ke yin kyau a cikinta, gero kuwa sai ya kai gwiwa ya tsaya yana kallona. Babban ɗan ƙanen nawa, Sabi'u, mai gyaran babur a Daura, ya zo ya same ni, ya cire takalmi tun daga nesa, ya ce, "Baba, akwai mai buga bulo da ke son wurin nan. Ƙannena sun matsa a raba. Na roƙe su a bar maka damina ɗaya. In ba ta yi ba bana, ka yi mana haƙuri." Yaron bai yi rashin kunya ba, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. A gindin kukar nan aka yaye ni.

Maganin gajiyayyar gona taki ne, kowa ya sani. Jujin gidana bai fi mangala goma ba, awaki biyu ke ciyar da shi. Fulani sun daɗe da daina kwana da shanu a gonakinmu. Takin zamani kuwa daga nesa muke gaisawa. Saura bolar birni, wadda maƙwabcina ya zuba bara, gonarsa ta yi furen leda baƙa da fara, har bijiminsa ya ci ya kumbura.

Ana haka sai taubashina Tsalha ya bugo waya daga Damagaram. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka bawana ne ko ya ƙi ko ya so. Ya ce, "Ubangijin wahala, na ji gonarka ta mutu ta bar ka. Akwai wani tsohon juji nan bayan unguwarmu, baƙi wuluk, ko leda ɗaya babu, ba mai taɓa shi. Surukina Issufu zai tafi Daura da tifa ba kaya. Ka zo ka kwasa." Ban tsaya tunani ba. A lokacin bazara ta yi nisa, shamuwa ta iso, kowa na duban gabas.

Ɗan acaɓa ya kai ni bakin iyaka. Wani jandarma dogo ya ce in ba shi kati. Na zaro na asibiti, ya girgiza kai. Na zaro na zaɓe, ya girgiza kai. Sai a na uku muka daidaita. Ya tambayi abin da zai kai ni, na ce ziyarar bawana. Ya dube ni ya dubi takalmin robana, ya ce, "Tsoho, kai ke da bawa?" Na ce gado na yi. Ya yi dariya ya miƙo katin.

Motar da na shiga zuwa Magarya an yi ta ne don mutum biyar, mu goma sha ɗaya ne da tunkiya. Wata mai barkono ta aza buhunta a cinyata ta ce, "Baba, riƙe mini jikanka." Atishawa na yi ta yi har Magarya, ita kuwa tana ta yi mini addu'a ba ta ɗauke buhun ba. Daga can na canza mota, muka isa Damagaram rana tsaka.

A nan na fara ganin halinsu. Mutanen nan in rana ta take, gari ya mutu. Shago a rufe, tela ya kwanta a kan kekensa, ko kare ba ya haushi. Ni kuwa sauri nake yi. Na ce wa Tsalha mu je in ga jujin. Ya ce, "Haba, a sha shayi tukuna." Shayinsu ba irin namu ba ne da za a cika maka kofi ka shanye ka tashi. 'Yar buta ce kamar ta wasan yara, a kan gawayi uku, a zuba a mayar, a zuba a mayar, sannan a ba ka abin da bai cika cokali biyu ba. Kuma sau uku ake yi, wanda ya tashi a na biyu ya zagi mai gida. Aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, na ba haƙorana biyu da suka rage haƙuri na jiƙa shi. Amma zogalensu da ƙuli, wanda suke kira kwabto, ban da abin cewa. Na ci na ƙara.

Sai bayan la'asar muka je. Jama'a, na ga juji. Tudu ne guda a bayan wani tsohon zango da ayari ke sauka a da, baƙi, lallausa kamar garin tuwo. Ku da ba ku yi karatu ba, bari in koya muku. Juji ana duba shi ta hanya uku: launi, taushi, da wari. Launi ya yi. Na damƙa, ya bi yatsuna. Na sansana, ba wari ko kaɗan, na ce wa Tsalha wannan alamar ya nuna ne sarai. Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Na manta cewa Tsalha tela ne, tun da aka haife shi bai taɓa riƙe hauya ba.

Wata tsohuwa mai ƙuli a gefen wurin ta ce, "Malam, kai baƙo ne ko?" Na ce daga ƙasar Daura. Ta ce, "Ai na gani," ta ci gaba da korar ƙuda. Mai unguwa ma da muka je neman izini bai bari na gama magana ba ya ce, "Ku kwashe duka, Allah ya ba da lada." Na fito ina yaba karamcin Damagarawa.

A zauren Tsalha na sauka, kan gadon ƙarfe mai igiya da ke ƙara ko numfashi ka ja. Da asuba kafin ladan ya gama na riga na fita duban gabas. Akwai ɗan gajimare. Na tayar da gidan kaf. Tsalha ya tara maƙwabta da shebur, aka yi gayya. Suna loda suna cewa ƙurar na cin ido, tana tsattsage hannu. Na ce, "Ƙarfin takin ke nan. Abin da ya ci hannunku shi zai ci ƙuduji." Kafin azahar tifa ta cika, aka rufe da tamfol. Tsalha ya ce, "In gero ya yi, dami goma nawa ne." Na ce bawa ba ya gado.

Issufu direba mutum ne mai shiru, sai goro. Ya ce babbar mota ba ta bin hanyar da na zo, sai ta Matamai mu faɗa Kongolam. A Matamai iska ta juyo da ƙanshin ruwa, an yi shi a wani wuri ba nisa. Na ce ya taka. Ya ce, "Baba, kamiyo ce, ba jirgi ba."

A iyaka muka ɓata kusan awa biyu. Ma'aikacin duwan, wato kwastan nasu, ya tambayi kaya, Issufu ya ce juji. Ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa. Ya hau da wani dogon ƙarfe ya yi ta soka, yana neman abin da muka ɓoye a ƙasa. Ya kira abokinsa shi ma ya soka. Da suka gaji ya ce, "Tsoho, duk ƙasarku ba shara?" Na ce akwai, taku ta fi kyau. A ɓangarenmu ma haka aka yi, sai dai su da Turanci suka yi mamakinsu. Da muka wuce na ce alhamdu lillahi, an gama.

Ba mu yi nisa ba sai ga wata rumfa a gefen titi, da wata malamar duba-gari sanye da farar riga a kan hijabi, da takalmin roba har gwiwa, da manjagara a hannu. Ta ɗaga mana hannu.

Na san zancen. Watannin baya na ji a rediyo cewa majalisar jiha ta yi doka, a riƙa duba manyan jujaye, a kuma tsayar da duk motar da ta ɗauko shara a ga abin da ke ciki. Ni ne ma na fi kowa yi wa dokar dariya a majalisarmu ta gindin dalbejiya. Na ce saura a yi wa juji katin zaɓe.

Ta gaishe ni har da rusunawa, ta ce, "Baba, sannu da hanya. Takardar jujin da aka ɗebo?"

Na ce, "'Yata, juji ke da takarda? Ni da kaina sai a kati na uku aka yarda da ni."

Ta ce, "Wanda aka duba yana da ita. Motar da ba ta da ita, sai mu je ramin shara a juye in gani."

Na sauko, na gyara hula, na yi mata bayani irin na masu ilimi. Na ce wannan ba shara ba ce, taki ne, kuma baƙo ne daga ƙasar waje, dokar jiha ba ta san shi ba. Na ce a zamaninmu duba-gari randa yake leƙawa ya tafi, ba ya tare hanya. Da na ga ba ta motsa ba na bar ilimi na koma roƙo. Na nuna mata gabas, na gaya mata zancen gona da Sabi'u da mai bulo.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Baba, kwanan baya wata mota ta zo nan, shi ma mai ita taki ya ce. Da muka juye, allurai ne da kwalaben asibiti, za a kai gonar da ake noma ba takalmi. Ban ce naka haka yake ba. In yana da kyau, yau ɗin nan za ka wuce." Ta hau babur ɗin ofis, muka bi ta a baya kamar masu rakiyar gawa.

Ramin sharar yana bayan garin Daura. Ban taɓa sanin mutanen birni na zubar da abu haka ba. Hayaƙi ta ko'ina, masu tsintar gwangwani da buhuna a kafaɗa, leda na tashi kamar tsuntsaye. Ta sa aka juye namu a gefe, kan tsandauri. Ta shiga da manjagara tana ja, tana tonawa, tana warewa. Ni kuwa ina zagaye tulin, in dubi sama in dubi agogon Issufu. Abin da ta samu bai wuce katangar tukunya da ƙashin raƙumi ba. Ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Ban taɓa ganin mai tsabta haka ba." Ta ɗauko biro. Na dubi Issufu na ce ya shaida.

Tana cikin rubutu sai muka ji ƙasa na rawa. Wani garken shanu da ke wucewa ta burtali ya karkato gaba ɗaya, a guje, makiyayin na bin su da sanda yana ihu. Suka kewaye tulin suka hau lasa, suna ture juna. Na ɗauki hulata ina kora, wata saniya ta kusa zubar da ni.

Mai shanun dattijo ne, Jauro Ori ake ce masa. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar ya ɗora a harshe, ya tofar. Ya ce, "Wa ke da wannan?"

Na ce, "Ni. Takin gona ne, daga Damagaram."

Ya ce, "Gonar maƙiyinka?"

Ya miƙo mini a tafin hannu. Na lasa. Kanwa ce da gishiri, zallarsu, har cikin kunne na ji ta. Malamar ta zuba kaɗan a gorar ruwa ta girgiza, ta tsiyaya a kan murfin tifa mai zafi, nan da nan ya bushe ya bar fari fat. Jauro ya ce, "In ka watsa wannan, ko ƙaya ba za ta fito ba shekara da shekaru."

Na zauna a ƙasa. Zangon ayari. Tun kakanni a nan raƙuma ke sauke kanwa da gishiri, ana share wurin ana tarawa a baya. Shi ya sa ba mai taɓa shi. Na koyar da hanya uku ta duba juji, ta huɗun ita ce harshe, kuma saniya ce ta koya mini. Da ba a tare mu ba, da yanzu na baza shi tsibi-tsibi a Gonar Kuka da hannuna, ruwa ya shigar da shi.

Issufu ya kira Tsalha ya miƙo mini wayar. Na gaya masa abin da bakina ya iya. Ya ce, "Ni baƙi na ce maka, ban ce na ɗanɗana ba. Kai ne manomi, ubangida."

Malamar ta yage takardar farko. Ta ce doka hanya biyu ta ba ta: ko a binne shi a nan, ko a rubuta inda za shi da abin da za a yi da shi, amma gona kam ba za ta sa hannu ba. Na ce a binne, a haɗa da ni.

Jauro dai bai tafi ba. Yana ta zagaye tulin, yana yi kamar shanunsa yake kora. Can ya ce, "Malam, in binnewa za a yi, a bar mini mana." A nan aji ukuna ya farka. Na ce, "A bar maka? Kayan da ya ƙetare iyaka biyu?" Na tambaye shi ina suka nufa, ya ce gabas, sannan arewa in ruwa ya sauka. Na ce gonata na kan hanya. In shanunsa za su kwana a cikinta kamar yadda iyayenmu ke yi, kanwa tasa ce. Na ce kwana goma, ya ce uku, ya rantse, na rantse, muka tsaya a bakwai.

Malamar ta ce ba ta rubuta abin da dabba za ta lasa sai malamin dabbobi ya gani, shi kuma sai da safe. Issufu ya tofar da goro ya ce shi siminti aka aiko shi ɗauka. Na ba shi haƙuri da sunan surukuta. Ni kuwa ba ni da masauki a Daura sai gidan Sabi'u, can kusa da rijiyar Kusugu. Labari ya riga ni isa. Matarsa ta kawo tuwo da miyar kuka, shi ya zauna gefe yana ta goge wani ƙarfen babur da ya riga ya goge. Da ya yi mini dariya ma da ya fi mini sauƙi.

Da safe malamin dabbobi ya zo ya duba ya yarda. Malamar ta rubuta, ta buga hatimi, ta ce, "Baba, ga takardar jujinka." Katafilar wurin ta mayar da kayan cikin tifa. Muka juye shi a wani fako a bakin burtali, gangare da gonar, yadda ko ruwa ya wanke ba zai shiga ba.

Sai jira. Kwana uku ina zaune gindin kuka, hadari na haɗuwa yana watsewa, 'yan garinmu na wucewa suna tambayata ko takin ƙasar waje nesa da gona ake ajiye shi. Na fara cewa Bafulatani ya yaudare ni. Ran na huɗu da hantsi sai ga ƙura. Shanu suka sauka ta gefen gabas, kullum a matsa da su gaba kaɗan. Kwana biyar suka samu, a na shida ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Jauro ya ɗure sauran kanwarsa a buhuna ya aza wa jakuna, ya ce shuka ta kore shi. Rabin gonar kawai suka taka. Na shuka duka.

Da gero ya fitar da kai, Sabi'u ya zo a babur da mai bulo a bayansa. Ta yamma suka fara, inda shanu ba su kai ba. Ƙuduji ya yi shuɗi da ja, geron ya tsaya a gwiwa yadda ya saba. Mai bulo na ta aunawa da ƙafa yana lissafi da baki. Sabi'u ya wuce shi ya nufi gabas, ya kutsa cikin geron, ganye ya rufe shi har hula. Muka tsaya muna jin motsinsa yana nisa. Ya daɗe. Mai bulo ya gaji ya koma kan babur yana danna waya.

Da ya fito, rigarsa duk garin fure, bai dube ni ba. Ya tsinke wani ganye yana murzawa, ya ce, "Baba, rabi ce fa kawai."

Na ce, "Rabi ce."

Ya ce, "Zan gaya musu a ƙara shekara ɗaya. Ɗaya fa, Baba."

Na ce na ji. A shekaruna ba wanda ya isa ya yi mini alkawarin fiye da haka. Shi ya sa in kun zo ƙofar gida ba ku same ni ba, ina bakin burtali ina tambayar duk mai sanda ko ya ga inda Jauro Ori ya yi, don gefen yamma na nan yana jira.